Layin Biro a Ƙafar Baba

A gidanmu ba a cin abu a ɓoye. Dokar Baba ce, kuma ta girme ni. In ka sayo ƙosai ka shige ɗaki ka turo ƙofa, kafin ka kai na biyu baki za ka ji gyaran muryarshi a tsakar gida. Shi kanshi ban taɓa ganin ya kai loma shi kaɗai ba. In aka kawo tuwo babu baƙo, sai ya zauna a zaure yana leƙen hanya har Allah ya jeho wani. Ko ɓarawo ne ya biyo ta ƙofarmu a lokacin, sai ya wanke hannu ya ci ya ƙoshi sannan ya wuce aikinshi.

To, magani ma abinci ne a wurin Baba.

Akwai wani babban gwangwanin madara da ke zaune a saman ƙofar ɗakin Inna, mahaifiyarmu. Duk wanda aka ba magani a gidan, ya sha kwana biyu ya ji dama-dama, ragowar gwangwani take tafiya. Kafso ja-da-baƙi, kafso ja-da-yalo, farare masu tsaga a tsakiya, da waɗansu da ko wanda ya yi su ba zai shaida su ba. Yaro ya yi gudawa, a sauko da gwangwani. Maƙwabciya ta aiko kunne na ciwo, gwangwani. Kaji suka fara gyangyaɗi, a fasa ja-da-yalo a ruwansu. Sanmu na huɗa ya ƙi cin dusa, a jiƙa mashi. In ka yanke kuwa, sai a buɗe kafso a barbaɗa garin a kan ciwon kamar ana sa wa tsire yaji. Kajin gidanmu sun sha maganin da wani ƙaramin asibitin bai taɓa gani ba. Kuma ba mu kaɗai ba ne, daga Mairuwa har Sabuwa kowane gida da gwangwaninshi. Namu dai ya fi suna, don ba a zuwa a koma hannu wofi.

Ni dillalin masara ne, yau ina kasuwar Ƙanƙara gobe ina ta wani gari, shi ya sa ba na nan ranar da abin ya faru. Da kaka ne, ana yankan dawa, Baba ya taka tsinin kara. Tsinin ya huda takalminshi ya shige mashi ƙarƙashin babban yatsa na ƙafar dama. Ya zare ya yar, ya gama aikinshi, ya dawo gida aka barbaɗa ja-da-baƙi aka ɗaure da tsumma. Washegari ya koma gona.

Da ya fara ɗingishi aka je wurin mai kemis ya yi mashi haɗi, wato ya tsinto ɗaya-ɗaya daga kowane kwali ya ƙulle a leda. Ya sha, ya ji sauƙi, ragowar ta shiga gwangwani. Ciwo ya dawo. Aka kira mai allura, wanda ke yi wa mutane da safe ya yi wa shanu da yamma. Aka ji sauƙi, aka daina. Ciwo ya sake dawowa, wannan karon da fushinshi. Ƙafa ta kumbura ta yi ja tana sheƙi. Ina ta tsokanar Baba wai ya aro ƙafar giwa ya mayar wa mai ita, yana dariya. Sai na lura Inna ta fara kai turaren wuta zaure safe da rana, kuma ba don baƙi ba. Ran da na shigo na ishe Baba yana sallar azahar a zaune, mutumin da ko zazzaɓi bai taɓa zaunar da shi ba, na daina tsokana.

Muka ɗauki mota da hantsi zuwa wani asibiti a Funtua, ni da shi da Inna. Da hantsi, don hanyarmu yanzu ba mai hankalin da ke bin ta in la'asar ta yi, kowa ya san dalili.

Likitar mace ce, a shekaru ba ta wuce ƙanwata ba. Ta kwance tsumman, ta duba, ba ta ko yamutsa fuska ba.

"Baba, wane magani aka sha?"

Na ce, "Likita, ki tambayi wanda bai sha ba, za mu fi saurin gamawa."

Ba ta yi dariya ba. Inna kuwa sai ta ciro gwangwanin daga cikin hijabi, ashe da shi ta taho, ta juye a kan tebur. Kafso suka watse, wasu suka gangara ƙarƙashin kujera. Likitar ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Na so a ce faɗa ta yi. Na saba da faɗa, a kasuwa shi ne karin kumallona, amma wannan kallon ban saba da shi ba.

Ta ce za a kwantar da shi a wanke ciwon, za ta ɗebi ruwan da ke fita ta aika ɗakin gwaji, a ga wace ƙwayar cuta ce a ciki da kuma maganin da take ji. Za a ɗauki kwanaki.

"Haba likita, wane kwanaki? Ki ba shi mai ƙarfin kawai mu wuce wurin."

"Mai ƙarfin da kake nufi ga shi nan a kan tebur," in ji ta. "Ya sha shi a gida, rabi-rabi. Irin waɗannan magungunan ƙwayar cuta suke kashewa. In ka ba ta kaɗan ka tsaya, masu rauni su mutu, masu taurin kai su rage su hayayyafa. Gobe ka kawo maganin, sun san shi. Zan ba shi abin da zai riƙe shi kafin sakamako ya fito, amma ba zan yi ta harbi a duhu ba."

Wato mu muka yi ta ba ƙwayoyin gidanmu horo, mu da kajinmu da sanmu, har suka zama sojoji. Na so in faɗi haka in ga ko za ta murmusa. Na kasa.

Kwanakin jiran nan ban taɓa ganin masu tsawonsu ba. In na ga ma'aikaciya ta nufo gadonmu sai in miƙe, ta wuce, in zauna. Baba kuwa ya samu abin da yake so, ɗaki cike da mutane. Duk furar da Inna ta dama sai ta zagaye gadaje kafin ta dawo mashi.

Da sakamako ya fito likitar ta ce an gwada magunguna iri-iri a kan ƙwayar, duk ta yi masu ko oho sai guda ɗaya. Aka fara mashi allurarshi, jan ya tsaya, zazzaɓi ya sauka. Ranar sallama ta ba mu ƙwayoyin da zai ci gaba da sha a gida. Sannan ta ciro biro daga aljihu ta durƙusa, ta zagaye ƙafar Baba da layi daidai inda jan ya tsaya, ɗan sama da idon sawu.

"Kar a bari layin nan ya goge. In jan ya haye shi, ku dawo ranar, kar ku kwana. Kuma in kun dawo maganar tana iya zama ta wuƙa."

Baba ya ce, "Wuƙa kuma, ɗiyata?"

"Har gwiwa, Baba, in ta ɓaci. Shi ya sa nake roƙonka: ba fashi, ba ragewa, ba ba wa kowa. Ko ƙafar ta warke ta tashi tana rawa, sai ka shanye."

Baba ya ce, "In Allah ya yarda." Na san muryar. Da ita yake amsa wa Inna in ta ce ya daina ba da irin shuka.

A gida na zama mai gadin layi. Da na dawo daga masallaci da safe sai zaure, in ɗaga bakin wandon Baba in duba. In an wanke ƙafar, Inna ta bi sawun layin da biro tana cije leɓe kamar mai zanen lalle. Kumburi ya fara sauka, fata ta fara yamushewa, tsakanin jan da layin aka samu fili. Na koma kasuwa da ƙwarin gwiwa.

Abin da ban lissafa da shi ba shi ne 'yan dubiya. Labari ya bazu cewa an samo wani magani a Funtua wanda ya ta da ƙafar da ta kusa kabari. Kowa ya zo gaisuwa da ciwonshi a aljihu. "Sannu Malam, ya ƙarfin jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Ni ma wallahi kwanan nan ƙirjin nan nawa..." Sai a riƙa kallon gefen tabarma, inda ake ajiye maganin.

Cikinsu har da Kawu daga Ruwan Godiya. Taubashin Baba ne, tare suka tashi, kuma a duniya shi kaɗai ke iya zagin Baba ya kwana lafiya. Tun daga ƙofa ya fara.

"Ina bawan nawa? An ce kara ya kada kai. Kara! Ba sa ba, ba mota ba, kara!"

"Shigo, tsohon banza. Wa ya ba ka aron riga?"

Suka yi ta yi, Kawu na dariya tari na sarƙe shi. Na bar su na tafi harkokina.

Bayan 'yan kwanaki na ɗaga tabarma zan miƙo wa Baba magani, na ga katin ƙwayoyin ya yi ramuka fiye da abin da ya kamata ya sha a kwanakin da muka yi a gida. Na duba na biyun, shi ma an taɓa.

"Baba, ina sauran?"

"Ana ƙidayar kyauta?"

"Baba, don Allah."

"Kawunka na tari kamar zai amayar da hanji. Matar maƙwabcinmu ta zo, kunnen ɗiyarta na ruwa. In ce masu me? In ce ina da shi ba ni badawa? Dubi ƙahwar nan, ta warke. Abin da ya rage haƙƙin wasu ne."

Ɗa ba ya yi wa uba faɗa, ko da dillali ne mai bakin tsiya. Na tattara katunan na sa a aljihuna, na ce daga yau ni zan riƙa ba shi. Ya dube ni kamar na shigo da kare masallaci.

"A gidana za a ɓoye abu?"

Daga ranar ya daina yi mani magana kai tsaye. Sai dai ya ce wa Inna, "Gaya wa mai kemis ruwan nan ya yi sanyi." Na daure. Safe da yamma in miƙa mashi ƙwaya, ya kai baki, ya kurɓi ruwa, in tafi da sanyin rai. Ina ta yabon kaina na iya tsaro. Sai ranar da Inna ta ɗauki hularshi za ta wanke, ta juya naɗin, ƙwayoyi suka zubo a cikin kwano. Ashe hannu kawai yake kaiwa baki. Ya yi wa matar maƙwabci alkawarin ƙari, yana tara mata.

Washegari da na ɗaga wandon, jan ya taɓa layi. Na ce ko idona ne, na jawo ƙafar wajen haske. Baba bai ce mai kemis ba, jikinshi zafi kamar tukunya. Kafin in samo mota, jan ya haye da faɗin yatsa.

Likitar ba ta tambaye mu yadda aka yi ba. Ta dubi layinta, ta dubi Baba, ta ce a shirya shi za a shiga da shi ɗakin tiyata.

Na bi ta har ƙofa. "Likita, daga ina za a yanke?"

"Sai na buɗe na gani."

Aka miƙo mani takalman Baba a leda. Na zauna a benci na rungume su. Duk surutun da Allah ya ba ni, abu ɗaya kawai ke yawo a kaina: in aka fito da shi da ƙafa ɗaya, ya zan yi da ɗaya takalmin? In yar? In ajiye? Wa zai ɗaga shi in za shi masallaci? Baba da ke zagaya gonarshi kafin rana ta fito, ya zauna a zaure yana tambayar mutane ya dawa ta yi? Inna na gefe tana jan carbi, leɓenta kaɗai ke motsi. Duk ƙofar da ta yi ƙara sai mu ɗago tare.

A nan Kawu ya ishe mu. Labari ya kai mashi, ya hawo bayan motar hatsi. Ya zauna bai tsokani kowa ba, abin da ban taɓa gani ba. Can ya laluba aljihu ya ciro ƙullin leda, ƙwayoyin Baba ne a ciki, ko ɗaya bai sha ba.

"Na ga mai kyau ne," ya ce a hankali, "na ce bari in adana sai damina, lokacin da tarin ke tsananta."

Ban san ko in yi kuka ko dariya ba. Maganin da ƙafar ubana ke jira, yana Ruwan Godiya a aljihu yana jiran damina.

Can likitar ta fito. Ta ce an cire babban yatsa da na kusa da shi, an kankare abin da ya ruɓe. Ƙafa tana nan.

"Yau dai tana nan," ta ƙara. "Zan sake aikawa gwaji. In ƙwayar tana jin maganin har yanzu, za mu sake daga farko. Bayanshi ba ni da wani a nan da zan ba ku."

Ta karɓe ƙullin Kawu, ta tura shi a duba ƙirjinshi, ta ce a gaya wa maƙwabciyarmu ta kawo yarinyar ita ma a ga kunnen. Muka sake wani zaman jiran. Sakamako ya zo, ƙwayar tana ji. Aka sake allurai, aka sake sallama, aka sake sabon layi a ƙafa. Ni kuwa tun a mota nake tunanin hula da naɗinta, da aljihun riga, da ƙarƙashin harshe. Ba zan iya cewa ubana ya buɗe baki in leƙa ba.

Muna isa gida muka ishe Kawu ya riga mu, ya shimfiɗa buzunshi a zaure, ga ƙullin kayanshi, ga kwanon gyaɗa.

"Na tare," ya ce. "Bawana ba shi iya cin abu shi kaɗai, ko ba haka ba? To ga ni."

Da lokacin magani ya yi ya karɓi ƙwayar daga hannuna ya ba Baba, shi kuma ya ɗauki gyaɗa ɗaya. "Bismillah. Tare za mu haɗiye, ba tauna." Ya jefa gyaɗar ya bi ta da ruwa, ya yamutsa fuska kamar ya sha maɗaci. Baba ya haɗiye tashi.

"Buɗe baki. Ɗaga halshe. Ciro hula."

"Kai, ka san da wa kake magana?"

"Da mai yatsu takwas. Ciro hula, ko in kira likita ta mayar da kai mai bakwai."

Baba ya ciro hula. Wallahi ya ciro. Inna na bayan ƙofa ta toshe baki da gefen zane.

Haka aka yi ta yi safe da yamma. Masu zuwa dubiya da ciwo a aljihu kuwa, da sun fara "ni ma ƙirjina", sai Kawu ya miƙa masu kwanon. "Ga irin wanda nake sha, ɗauki biyu, ba a taunawa." Wasu su yi dariya, wasu su tafi da fushi.

Rana ɗaya ce dariyar ta ƙi zuwa. Wata tsohuwa daga wajen Mabai ta zo da ƙafarta, hannunta a kumbure da ƙurji, ta durƙusa ta ce an gaya mata Malam ba ya hana kowa. Kawu bai miƙa gyaɗa ba. Na ajiye katin maganin a kan tabarma don lokacin sha ya yi, sai na ga hannun Baba ya nufe shi. Hannun ya tsaya a hanya, ya daɗe a nan, sannan Baba ya juya fuskarshi bango.

"Iya, wanga ba ni iya ba ki." Sai ya kira ni da sunana, karon farko tun ranar da na ɗauke katunan. "Ta da mashin ka kai ta asibitin Faskari. Kar ka baro ta sai an duba ta."

Na kai ta. Da na dawo Inna ta ce ko tuwon rana bai taɓa ba. Ina jin yankan yatsun bai yi mashi zafin wannan ba.

Ya shanye maganin har ƙwayar ƙarshe, Kawu kuma ya shanye gyaɗar da ta isa a shuka kadada. Ran da muka koma, likitar ta latsa nan ta latsa can, ta sa Baba ya taka ya je ya dawo. Ina ta kallon aljihunta ina jiran ta ciro biro. Ba ta ciro ba. Ta ce, "Baba, ka tafi da ƙafarka." Gwangwanin kuwa, Inna ta dawo da shi gida wofi, yanzu zare da maɓallai ne a ciki, kuma in kaji suka yi gyangyaɗi malamin dabbobi ake kira.

Ƙafar tana nan. Yana ɗan jan ta, yana sallarshi a tsaye. Amma maganar likitar ba ta bar kunnena ba, cewa bayan wancan ba ta da wani. Ƙwayar da muka horar ban san inda 'yan'uwanta suke ba, ko a turken sa, ko a akurkin kaji, ko a gidan maƙwabta da gwangwaninsu ke nan daram.

Da kakar bana ta zo na sayo wa Baba takalman roba masu tsawo har gwiwa, masu kaurin da ko ƙusa sai ta nemi izini. Ya sa albarka, ya sa su sau ɗaya. Ranar Juma'a na gan su a ƙafar ladaninmu, wai gonarshi ta fi tamu ƙaya.

Shi ya sa in ana yankan dawa yanzu ba na zuwa kasuwa. Ina tsaye a bakin gona, Baba na tafe tsakanin kunyoyi da tsohon takalminshi, ni kuwa ba dawar nake kallo ba, inda zai sa ƙafa nake kallo. Biro na aljihuna.